Tsibirin Jarba: Abin Da Ya Kamata Mai Iyali Ya Sani Kafin Ya Ɗauki Yara

Da yawa daga cikin mutanenmu sun san ƙasar Tunisiya ta hanyar neman magani ko karatun 'ya'yansu, amma kaɗan ne suka san cewa a kudancin ƙasar akwai wani tsibiri cikin Bahar Rum wanda magidanci zai iya kai iyalinsa hutu ba tare da fargabar abinci ko wurin salla ba. Sunan tsibirin Jarba, a jikin tikiti kuwa za ku ga an rubuta Djerba. Mun zaɓe shi ne saboda tsibirai irin su Malta da Sisili sai da bizar Turai, wadda kowa ya san wuyar samunta, ga kuma tsadar rayuwa. To amma tafiya da yara daban take da tafiyar fatauci. Daɗinta ko wahalarta tun daga gida ake yanke shi, domin shirin zaune ya fi na tsaye.

Yadda tsibirin yake

Jarba shi ne tsibiri mafi girma a Afirka ta Arewa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 514, kuma ƙidayar shekarar 2014 ta nuna mutanensa sun haura 160,000. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, babu dutse babu kogi, sai dabino da zaitun da fararen gidaje. Babban garinsa Humt Suk, sai Midun da Ajim. Akwai masallatai fiye da 300, waɗansu na Malikawa waɗansu na Ibadawa, kuma za ku ga ana sakin hannu a salla kamar yadda muka taso muka ga iyayenmu suna yi. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya.

Larabci ake yi, amma Faransanci yana biyan bukata a otal da kasuwa da asibiti. Agogonsu ɗaya ne da namu na Kamaru, saboda haka barcin yara ba zai rikice ba. Daga birnin Tunis jirgin sama yana kai mutum cikin kamar awa guda. Ta mota kuwa tafiyar ta kusa kilomita 500, sannan a shiga tsibirin ko dai ta jirgin fito a Ajim, ko ta wata tsohuwar hanya mai tsawon kilomita 7 da aka cike teku aka yi tun zamanin Rumawa. Layin jirgin fito yana tsawo ƙwarai a lokacin zafi. Mai ƙananan yara ya daure ya biya kuɗin jirgin sama.

Takardu kafin komai

Mai fasfon Kamaru yana bukatar biza, kuma Tunisiya tana da ofishin jakadanci a Yawunde. A fara nema da wuri, kada a bari sai an sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Kowane yaro, har jariri, ya kasance da fasfonsa. A haɗa da takardar haihuwa, da katin rigakafi, da tikitin dawowa, da shaidar masaukin da aka kama. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko kuwa za a tafi da ɗan riƙo kamar yadda muka saba, to a samo takardar izinin iyaye wadda hukuma ta buga wa hatimi. Jami'in filin jirgi bai san zumunci ba, takarda ya sani.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya. A watan Fabrairu na 2023 Shugaba Kais Saied ya yi wani jawabi mai zafi a kan baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara, bayansa aka yi ta cin zarafin baƙar fata a waɗansu birane, har ƙasashe irin su Gini da Mali da Kodebuwa suka aika jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu. Ƙasar tana da dokar hukunta wariyar launin fata tun 2018, kuma mutanen Jarba sun daɗe da sabawa da baƙi, domin da su suke ci. Duk da haka, kada magidanci ya fita ko nan da can ba tare da fasfo ko kwafinsa da katin otal a aljihu ba. Samari matasa su ma kowa ya riƙe nasa, kuma kada a bar su yawon dare su kaɗai. Kada kuma a wuce kwanakin da aka ba mutum, domin akwai tara a kan haka.

Wane lokaci ya fi?

Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa ne tsakanin Yuni da farkon Satumba, wato daidai lokacin zafinsu da cunkoson Turawa. A Yuli da Agusta zafi yakan wuce digiri 30 kullum, idan kuma iskar hamada ta taso yakan haura 40. Mutumin Garwa ko Marwa zai ce wannan ai wasa ne. To a lura, ranar can doguwa ce, a watan Yuni tana wuce awa 14, kuma iskar teku tana ɓoye wa yaro zafin har ruwan jikinsa ya ƙare bai sani ba. Wanda ya samu hali ya tafi a watan Yuni kafin farashi ya hau, ruwan teku ya riga ya yi ɗumi. Hutun ƙarshen Maris ya dace da yawon gani da ido, amma ruwa da sauran sanyi. A Disamba kuwa sai da rigunan sanyi da safa, dare yakan sauka ƙasa da digiri 10.

Masauki da abinci

Manyan otal-otal suna jere a gaɓar arewa maso gabas, kusa da Midun. Yawancinsu ana biyan kuɗi ɗaya ne ya haɗa da ci da sha, wanda yake sauƙi ga mai yara da yawa. Sai dai an gina su ne don Turawa: ana sayar da giya, ana kiɗa har dare, shigar masu wanka kuma ba irin tamu ba ce. Waɗansu ma ba sa barin mace ta shiga tafkin wanka da kayan da suka rufe jiki. A tambaya a rubuce kafin a biya. Iyalin da ke son sirri ya nemi hayar gida ko ƙaramin masauki cikin gari, inda uwargida za ta iya dama wa yara kunu da safe. A Humt Suk akwai tsofaffin masaukan fatake da suke kira funduk, masu tsakar gida da ɗakuna a kewaye, ƙasa don kaya da dabbobi, sama don mutane. Waɗansu an mayar da su otal. A nuna wa yara, a gaya musu wannan shi ne zangonsu, irin wanda kakanninmu suka sauka a ciki.

Naman kasuwa halal ne. Abincin da ya fi shahara shi ne kuskus da kifi, da wata shinkafa da ake turarawa tare da ganye da nama, suna ce mata ruz jarbi, wadda duk wanda ya san dambun shinkafa zai gane ta. Yajinsu harisa yana da zafi, a ce a sa shi a gefe. Akwai wani soyayyen abu da ake kira birik, da ƙwai a ciki wanda bai gama nuna ba, ga ƙananan yara a ce a soya shi sosai. Haka kuma ana sayar da ruwan itacen dabino mai suna lagmi. Da sassafe zaƙi gare shi, amma idan ya jima yana komawa kamar bammi, saboda haka a yi hattara. Ruwan famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, a saya wa yara na gora.

Teku ba rafi ba ne

Wannan shi ne sashen da muke roƙon iyaye su karanta sau biyu. Yawancin yaranmu ba su iya ruwa ba, waɗansu ma ba su taɓa ganin teku ba. Gaɓar Sidi Maharez tana da yashi mai laushi, ruwan kuma ba zurfi har nesa, abin da yake sa iyaye sakin jiki. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, shiru yake nutsewa, cikin ɗan lokaci kaɗan. A sa babba guda wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya ba hira, idan ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Kada a ɗora wa 'yar shekara goma tsaron ƙannenta a bakin ruwa. Idan an ɗaga jan tuta, ba shiga. Balan-balan ɗin da ake hurawa abin wasa ne, iska tana iya jan shi da yaron cikin teku.

Daga sha biyun rana zuwa la'asar a koma inuwa. A sa wa yara hula, a shafa musu man kare fata, domin baƙar fata ma tana ƙonewa. Wajen ƙarshen zafi akan samu wata halitta mai yauƙi kamar leda a cikin ruwa, wadda take harbi kamar ƙaiƙayi. Idan ta taɓa yaro a wanke wurin da ruwan teku, kada a murza, sannan a nufi kantin magani.

Lafiyar yara

A tafi da maganin zazzaɓi, da gishirin gudawa, da duk maganin da yaro yake sha tare da takardar likita. Mai ɗa mai sikila ya kula ƙwarai: ruwan sanyi da ƙishirwa suna tayar da ciwon, a ga likita kafin tafiya. Wani abu kuma da ba a cika tunawa ba, Tunisiya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 1979. Yaro yana iya ɗauko cutar daga gida ta tashi a can, likita kuma ba lallai tunaninsa ya je wurin ba. Duk zazzaɓin da ya kama yaro, a gaya wa likita daga ƙasar da aka fito, a nemi gwajin jini a ranar. Asibitocin kuɗi suna da kyau amma da tsada, don haka inshorar tafiya ba asara ba ce. A rubuta waɗannan lambobi: 190 motar asibiti, 197 'yan sanda, 198 masu agajin gaggawa.

Batun kuɗi

Kada a dogara da sefa, a canza zuwa yuro tun daga gida. Kuɗinsu dinari ne, kuma kowane dinari milim 1,000 ne, shi ya sa za a ga farashi da sifiri uku. Wanda ya ga 5,000 a jikin kaya, dinari biyar ake nufi. Doka ta hana fita da dinari daga ƙasar, saboda haka a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, a adana rasit don mayar da ragowar. Mai kuɗi masu yawa ya bayyana su ga jami'an kwastan tun da shigarsa. Tasi ruwan ɗorawa ne kuma suna da mita, a ce direba ya kunna. A kasuwa kuwa ciniki ake yi, wannan ba sai mun koya wa Bahaushe ba.

Inda za a kai yara

Shawararmu ita ce wuri ɗaya a rana, da safe, sannan a dawo a huta. A kasuwar kifi ta Humt Suk ana gwanjo: dillali yana zaune a kan doguwar kujera yana ɗaga kifin da aka tsire da ganyen dabino, wanda ya saya sai ya kai gidan abinci na kusa a gasa masa. A bakin tashar jiragen ruwa akwai ganuwar Burjul Kabir, inda rundunar Daular Usmaniyya ta ci ta Sifen da ƙawayenta a 1560. A garin Gallala magina suna haƙo yumɓu daga ƙarƙashin ƙasa suna gina tukwane a gaban mai kallo, har sukan bar yaro ya gwada. A wurin shaƙatawa na Djerba Explore akwai ɗaruruwan kadoji da aka kawo daga Madagaska, a tambayi lokacin ba su abinci. A ƙauyen Riyad masu zane daga ƙasashe kimanin 30 sun ƙawata bangaye a 2014. Kusa da nan ne tsohuwar majami'ar Yahudawa ta Gariba take. An kai hari wurin a 2002 da 2023, don haka akwai bincike mai tsanani, a tafi da fasfo. Masu son shiga jirgin ruwa zuwa Ras Ramal su tabbata akwai rigar ceto daidai jikin kowane yaro kafin su biya.

Ga manyan yara akwai darasi biyu. Na farko, baƙaƙen fatar da za su gani 'yan ƙasa ne, da yawansu jikokin waɗanda aka ƙetaro da su hamada kafin Ahmad Bey ya haramta bauta a 1846, kuma har yau akwai kalmomin Hausa a cikin waƙoƙin sitambeli na Tunis, wanda yake da dangantaka da bori. Na biyu, a garin Zarzis da ke tsallaken tsibirin akwai maƙabartun waɗanda teku ya turo gawarwakinsu suna hanyar Turai, da yawa ba a san sunansu ba. Uba ya zauna da ɗansa saurayi ya nuna masa ruwan nan, ya gaya masa gaskiya. Gani ya kori ji.

Wanda kuwa lissafinsa bai kai ba, kada ya ci bashi don hutu. Ya fara kai yara Kiribi ko Limbe su san teku, ya ci gaba da tari. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.