Kuɗin Lasisin Wayar Iska da 'Yan Agaji a Ƙasar Gobir

A watan Satumba 1967 babu wanda zai yi zaton tarho zai kai ƙauyukan Gobir, amma a watan Satumba 2021, da Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa suka koma kamar wancan zamani. Wanda aka harba a gona ba ya da hanyar kiran mota, sai mutanen bakin iyaka suka riƙa laluben layin Nijar. A irin wannan hali abin da ya rage wa 'yan agaji shi ne rediyon oba-oba, gama ita ba ta bukatar turken kamfanin waya.

To, amma riƙe ta yana da sharaɗi. Tun Dokar Wayar Iska ta 1961 ba a yarda kowa ya kafa na'urar aika saƙo ba sai da lasisi. Dokar Sadarwa ta 2003 kuwa ta kafa majalisar da ke raba zangunan rediyo, Ministan Sadarwa ne shugabanta. Masu ciniki da waya suna karɓar lasisi a Hukumar NCC, waɗanda ba ciniki suke yi ba kuwa sai su nufi Ma'aikatar a Abuja.

Dalilin biyan kuɗi ba ɓoyayye ba ne. Zango kamar fadama yake, ba shi da yawa, in mutum biyu suka hau guda sai maganarsu ta cakuɗe. Tsadarsa ta bayyana a gwanjon 2001, inda kowane kamfanin da ya ci ya ɗauki nauyin biyan dala miliyan 285. Kuɗin yana hana mutum ya kame zango ya ajiye ba amfani.

Sai dai wannan hujja ba ta hau kan masu ɗauko gawa da majinyaci kyauta ba. Ba riba suke ci ba, abin da suke samu taimakon masallaci ne da na kasuwa. Ingila ta gane haka, hukumarta Ofcom tana yafe rabin kuɗin ga ƙungiyoyin da aikinsu ceton rai ne kaɗai. Yarjejeniyar Tampere ta 1998 ma ta nemi ƙasashe su sassauta irin waɗannan ƙa'idodi lokacin bala'i.

A Gobir akwai wata wahala dabam. Ɗan bindiga ba ya neman lasisi, saboda haka kuɗin mai bin doka kaɗai yake ci. Soja kuma in ya tsai da mutum da oba-oba a hanyar Isa zuwa Shinkafi, ba shi da abin da zai bambanta ɗan agaji da ɗan leƙen asirin daji sai takarda. Watau rajistar ita ce abin bukata, kuɗin ne ke hana a yi ta. Da za a yafe shi, a riƙa ba da takardar a Sakkwato da shaidar hakimi, da hukuma ta san kowace na'ura da sunan mai riƙe da ita.