Yini Guda a Gidan Rediyon Landan a Shekarar 1926

Wanda ya tashi ya tarar da rediyo yana magana dare da rana, da wuya ya yarda an yi zamanin da akwatin ya kan yi shiru fiye da yadda ya ke magana. Nufinmu a cikin wannan 'yar takarda shi ne mu bi shirye-shiryen yini guda na tashar Landan a shekarar 1926, mu ga yadda aka raba lokaci tsakanin kiɗa da koyarwa, sa'an nan mu duba abin da ɗalibin harshe zai tsinta a ciki.

Kamfanin BBC ya fara watsa shiri ran 14 ga Nuwamba, 1922, daga wata tasha da a ke kira 2LO. John Reith ne shugabansa, mutumin Sikotilan, wanda ya ɗauka aikin rediyo uku ne: sanarwa, da ilmantarwa, da nishaɗantarwa. Ba a yin talla. Kowane mai akwati ya kan biya sule goma a shekara kuɗin lasin, daga nan a ke samun abin gudanar da aiki. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su da akwati mai amsa-kuwwa, sai wani ƙarami wanda a ke saƙala abin ji a kunne, mutum ɗaya ko biyu su saurara.

To, bari mu ɗauki wata ranar Talata. Da safe ba wani abin kirki a tashar Landan, gama manya suna wurin aiki, yara suna makaranta. Sai wajen ƙarfe ɗaya na rana a sa kiɗa na sa'a guda domin masu cin abinci. Yawancin kiɗan nan ba faifai ba ne. Makaɗa ne a zaune a ɗakin watsa shiri na Savoy Hill, wanda aka lulluɓe bangonsa da yadudduka masu kauri don kada sauti ya yi amsa, ko kuwa a jawo waya daga wani otal inda a ke wasa.

Jim kaɗan bayan ƙarfe uku sai darasin makarantu. An soma shi ga ƙasa baki ɗaya ran 4 ga Afrilu, 1924, da jawabin Sir Walford Davies a kan kiɗa. Shi wannan malami ba ya karatu kamar mai huɗuba. Ya kan zauna gaban fiyano, ya yi magana kamar yana ganin yaran, ya buga gajeren amo, ya ce su maimaita, ya dakata har su gama. Sauran ranakun mako a kan yi tarihi, ko labarin ƙasa, ko Faransanci, ko adabin Ingilishi.

Amma fa abin bai zo da sauƙi ba. Akwatunan makarantu da yawa ba su da kyau, murya ta kan zo da ƙara. Waɗansu masu jawabin shaihunan jami'a ne, waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban ɗan shekara goma sha biyu ba. Waɗansu malaman aji kuma suna tsoron kada akwati ya raba su da aikinsu. Saboda haka a 1927 aka yi gwaji a makarantun lardin Kent, rahotonsa ya fito a 1928. Abin da ya nuna shi ne darasin rediyo ba ya tsayawa da ƙafarsa: sai malamin aji ya shirya yara tukuna, ya zauna tare da su, ya kuma bi bayan darasin da tambayoyi. A 1929 aka kafa majalisa ta musamman domin shirin makarantu, Mary Somerville kuwa ta riƙe sashen shekara da shekaru.

Da aka tashi daga makaranta sai kiɗan shan shayi, sa'an nan bayan ƙarfe biyar shirin yara, inda ma'aikatan gidan su ke kiran kansu kawu wane da gwaggo wance, suna tatsuniya da waƙa. Labaru ba sa zuwa sai ƙarfe bakwai na dare. Dalili kuwa, masu jaridu sun ji tsoron kada rediyo ya kashe musu kasuwar jaridun yamma, shi ya sa aka yi yarjejeniya a kan haka. An karya wannan ƙa'ida a yajin aikin gama-gari na watan Mayu, 1926, sa'ad da yawancin jaridu suka daina fitowa. Bayan labaru sai jawabi ga manya, wanda a kan rubuta, a duba, kafin a karanta. Daga ƙarfe takwas babban wasan kiɗa, ƙarfe goma labaru na biyu, kana a rufe da kiɗan rawa, sau da yawa daga otal ɗin Savoy.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu. Murya ɗaya da ta ke shiga gidaje da azuzuwa daga kudu har arewa, da wane kari za ta yi magana? A wannan shekara ta 1926 BBC ta kafa kwamitin ba da shawara a kan furucin Ingilishi. Robert Bridges ne shugaba, a ciki akwai George Bernard Shaw, da Daniel Jones, da A. Lloyd James. Sun tsara jerin kalmomi da yadda masu sanarwa za su faɗe su, aikin ya ci gaba har 1939. Duk da haka mutanen Yorkshire da na Sikotilan ba su bar karin iyayensu ba. Abin da rediyo ya yi shi ne ya sa kunnen kowa ya saba da kari guda, ya kuma ba wannan kari girma.

Wannan Lloyd James ba baƙo ba ne ga masu nazarin Hausa, gama shi ne suka rubuta maƙala a kan furucin Hausa tare da G. P. Bargery a 1925, shekara tara kafin fitowar ƙamus ɗin Bargery. Da aka buɗe Sashen Hausa na BBC ran 13 ga Maris, 1957, da gidan rediyon Kaduna a 1962, sai tambayar nan ta iso ƙofarmu: Kananci ne zai hau iska, ina kuma matsayin Sakkwatanci da Katsinanci? Wanda zai yi nazarin yadda Daidaitacciyar Hausa ta bazu, kada ya tsaya ga littattafan makaranta kaɗai. Ya nemi tsofaffin jadawalin shirye-shirye, ya duba wa ya yi magana, da ƙarfe nawa, da kuma wa a ke nufi ya ji.