Manjan da Ba Ja Ba

A wannan 'yar maƙala ina so in ja hankalin 'yan uwana ɗaliban harshe kan kalmar "manja". Asalinta "man ja" ne, wato launi Bahaushe ya duba ya raɗa wa man suna. Launin kuwa daga sinadarin karotin yake, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. To, idan aka cire jan fa?

Abin da masana'antu ke yi ke nan. Sukan tace manja su kawar da launi da ƙamshinsa, ya fito garai-garai. A shagunan Kolere da ke Mubi na lura duk wani farin mai na suya "man gyaɗa" ake ce masa, alhali da yawansa bai haɗa hanya da gyaɗa ba. A nan ma'anar kalma ta faɗaɗa, amma mai saye ne ke kwana ciki, domin yakan biya kuɗin wani abu ya tafi da wani.

Hanyar ganewa ta farko ita ce hanci: man gyaɗa na gaske, irin na masu ƙuli-ƙuli, ba ya ɓoye ƙamshinsa. Ta biyu hunturu ne. Da sanyi ya kankama sai tataccen manja ya yi kauri, farin gudaji ya kwanta a gindin kwalba.

Ta uku ita ce tamu, wato karatu. A juya bayan ledar biskit ko taliyar yara ko kwalin sabulu, a nemi saiwar kalma "palm". "Palm olein" tataccen manja ne. "Palm kernel oil" shi ne alayyadinmu, man ƙwallon kwakwa. "Sodium palmate" kuma manja ne da aka mayar sabulu. Ko sunan Palmolive daga nan aka ƙera rabinsa. Mai wuyar ita ce "vegetable oil", domin ba ta faɗin ko wane tsiro ne. Tarayyar Turai ta tilasta a riƙa bayyana irin man tun Disamban 2014.

Shi kansa jan ba shaida ba ne. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba wa manja rini don ya ƙara ja, rinin da ake dangantawa da ciwon daji. Saboda haka manjan da ya cika ja zur, ya kuma rina hannu ya ƙi fita da sabulu, gara a bar wa mai shi abinsa.