Daga Ɗaki Zuwa Makewayi: Gyaran Gida Domin Tsofaffi

A Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, mutum a gidansa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki. Sai dai gidan da ya gina da ƙuruciyarsa kan zame masa tarko idan ido ya yi yana, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ko hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa. Dalili kuwa shi ne ƙashin tsoho ya riga ya yi rauni, faɗuwa ɗaya na iya karya masa ƙugu ta kwantar da shi wata da watanni.

Hanyar da ta fi bukatar kulawa gajeriya ce, wato daga bakin gado zuwa makewayi, wadda tsoho ke bi cikin dare da kuma asuba domin alwala.

Cikas na farko shi ne dokin ƙofa. Magina kan ɗaga shi domin tare ruwan damina, musamman a gari irin Wudil da ke bakin kogi. Maimakon a rushe shi, sai a yi masa gangare da siminti. Ƙa'idar masana gini ita ce kowace santimita 1 ta tsayi a ba ta santimita 12 ta tsawo; ke nan dokin ƙofa mai tsayin santimita 15 yana bukatar gangare mai tsawon santimita 180. Idan tsohon yana amfani da keken guragu, faɗin ƙofa ya kai santimita 90.

Na biyu shi ne daɓe. Tayil mai sheƙi yana santsi da zarar ya jiƙe, haka ma gansakukar da ke fitowa a bakin rariya. Siminti mai kaushi ya fi aminci. A kuma kawar da turmi, da buta, da tabarmar da bakinta ya naɗe daga kan hanya.

Na uku shi ne makewayin kansa. Tsuguno da miƙewa suna ɗora wa gwiwa nauyi mai yawa. Kafinta ko mai walda zai iya haɗa kujera mai rami a tsakiya, tsayinta kimanin santimita 45, a girka ta a kan masai, tare da ƙarfen dafawa a gefe. A nan akwai abin lura: bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa da kyau, saboda haka sai a kafa ƙarfen a cikin ƙasa, a zuba masa kankare.

Na huɗu shi ne haske. Idon ɗan shekara 60 yana bukatar haske kusan ninki uku na wanda ya ishi ɗan shekara 20. Fitila mai aiki da hasken rana a tsakar gida, da farin fenti a bakin kowace matakala, suna sa mai raunin gani ya gane inda zai sa ƙafa.

Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019, gine-ginen jama'a ta wajabta wa irin wannan gyara. Na cikin gida kuwa ya rage ga iyali. Yana da kyau a fara da tambayar tsohon da kansa inda ya fi shan wuya, domin shi ya san inda ƙafarsa ke tuntuɓe. Kuɗin buhun siminti da ladan magini ba su kai na jinya a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ba. Bayan haka, dattijon da ke iya zagayawa ba tare da an riƙe shi ba, an tsare masa mutuncinsa.