Ko Kun Sani? Ɗaukewar Wuta Ta Ceci Kamfanin Maersk

Ɗaukewar wutar lantarki ce ta ceci Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Danmak, daga harin wata manhajar kwamfuta mai suna NotPetya a watan Yunin 2017. Muguwar manhajar ta shiga ne ta ofishinsa na Yukren, ta bazu zuwa rassansa na sassan duniya, saboda duk layin sadarwa ɗaya ya haɗa su. Ta lalata dukkan kwafin rumbun da ke tantance masu shiga kwamfutocin kamfanin, sai guda ɗaya a Afirka ta Yamma da rashin wuta ya raba da layin. Da shi aka farfaɗo da tsarin, aka sake saita kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. Asarar ta kusa dala miliyan 300.