Wa Zai Biya Mai Tsaron Rabin-Wata Bayan Porje Ya Tashi?

Ƴan'uwa fatake da dillalai, kowa ya san kuɗin sa a bakinsa yake. In ya ci haki ya sha ruwa, kasuwa ta yi daɗi. In daji ya zama fako, sai mu kora ƙasusuwa zuwa Badagishiri ko Abalak, mai saye ya taya yadda ya ga dama. Don haka gyaran ƙasa ba na manoma ba ne su kaɗai.

Mu ɗauki misalin Kaita, cikin jihar Tawa. A 1984, shekarar da fari ya karkashe bisashe, aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa a can. Ba hannu ɗaya ya ɗauki jinkar ba. Italiya ta zuba kuɗi, hukumar FAO ta kawo masana, PAM ta ba da abinci a matsayin ladan aiki, gwamnatin Nijar ta ba da ma'aikatanta. Talakawa kuwa, galibinsu mata, su suka ɗauki duwatsu a ka. Aka jera duwatsu a gangare, aka gina madatsai a ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Tudun da ko akuya ba ta tsayawa ya koma fitar da haki.

To amma fa porje baƙo ne, ranar tafiyarsa na zuwa. Rabin-wata kuwa, wanda ake gina kimanin 300 a hekta guda, yana cikewa da rairayi in ba a yashe shi ba. Madatsa in ta tsage, ruwan sama guda ya isa ya tafi da ita. Ana bukatar ɗan gari wanda ya iya awon gangare, ya san burtali, ya san lokacin da za a hana kiwo har shuka ta kama. Wannan mutum albashi yake so kowane wata, ba godiya ba.

Ga inda muke shigowa. Tun da aka yi zaɓen komin na farko a 2004, tikitin kasuwar bisashe ya zama babbar hanyar kuɗin komin da yawa. Wannan kuɗi daga aljihunmu yake fita. Me zai hana a zauna a raba nauyi? Gwamnati ta horar da ma'aikacin, komin ta ware wani kaso na tikiti don albashinsa, ƙungiyarmu ta ɗauki man babur da kayan aiki. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, a karanta lissafi gaban jama'a duk shekara.

Wanda ya sa kuɗinsa shi ke da bakin magana. In muna cikin masu biya, ba za a gyara fili da sunan kiwo sannan a wayi gari an mai da shi gona ba, domin muna da hujjar zuwa gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada.

Shugabannin rassa, a kawo wannan magana a taro mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.