Takardar magani a hannu, aljihu babu kuɗi: ina mafita?

A Maradi, Damagaram, Tahoua ko Yamai, sau da yawa marar lafiya kan fito daga wurin likita da takardar magani, ya tarar kuɗinta sun fi ƙarfinsa. Wani ya sayi rabi, wani ya nufi masu tallar magani a kasuwa. Alhali akwai hanyoyin rage nauyin.

Abu na farko shi ne sanin abin da doka ta sa kyauta. A asibitocin gwamnatin Nijar, tiyatar haihuwa kyauta ce tun 2005. A 2006 aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki da tazarar haihuwa. Maganin tarin fuka da na sida su ma ba a biyan su. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma, an rage rabin kuɗin ganin likita, awon jini, hoto da kwanciya asibiti, haihuwa ta koma kyauta.

Matsalar ita ce magani kan ƙare a ɗakunan shan magani na CSI, musamman idan gwamnati ta yi jinkirin biyan su, sai a tura iyaye saye a waje. A nan ya kamata mutum ya nemi likita ya rubuta masa "jenerik". Sinadarinsa ɗaya ne da na mai babban suna, amma ya fi araha. Ana samun sa a farmasin asibiti da farmasi "populaire" na ma'aikatar ONPPC. Ba laifi ba ne a tambayi likita wane magani ne dole, wane ne zai iya jira.

Wanda ba shi da hali ko kaɗan, sai ya nemi ofishin taimakon marasa galihu da ke cikin manyan asibitoci. Takardar shaidar rashin hali da ofishin magajin gari ke bayarwa takan taimaka a rage masa kuɗin ko a yafe.

Abin gudu shi ne katse magani ko sayen na bakin hanya da rana ta gasa. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya daina shan nasa don tattalin ƴan jakkuna, yakan biya ninkinsu a gadon asibiti.